Tsohon Ƙarfen Bayin Baba Dauda

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran famfo, gidaje da yawa sun ɓace mini, amma ranar da na cire wa Baba Dauda ƙarfen bayinsa ba ta taɓa fita raina ba. Ku matso, ku masu saurin ɗaukar guduma, da ku nake.

A watan Disamba ne, wajen shekarar 2005. Ina babban mai gyara a wani ɗan kamfanin gini a Sabon Gari, daga ni sai foman a sama. Tsarinmu shi ne foman ya je ya ga aiki ya rubuta takarda, kai ka yi abin da ke takarda, maigida ya sa hannu. Tawa layi biyu ce: a cire tsohon ƙarfen ɗumama bayi, a kafa maratayin tawul mai lantarki. Gidan a Samaru yake, irin tsofaffin gidajen Turawan nan.

Yawancinku ba ku taɓa ganin abin ba. Ƙarfe ne mai haƙarƙari, tsayinsa iya ƙugu, an dasa ƙafafunsa cikin siminti. Da can ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama wurin, amma tun tafiyar Turawan ya mutu. Sabon kuwa siriri ne, da 'yan sukurori huɗu ake ɗaure shi a bango, ya ɗau zafi ya busar da tawul.

Rifkatu ce ta zo da shi daga Ingila, inda take aikin nas. Ita ce 'yar farin Baba Dauda, tsohon malamin makaranta da ya yi shanyewar ɓarin jiki ya warware, sai ƙafar hagu da ta ƙi dawowa daidai. Ba ta son ya fito wanka da sanyin nan ya goge jiki da tawul mai danshi. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ko sunanta ba ya kira, "yarinyar nan" yake cewa, ga ta da 'ya'ya uku.

Ina kwance bututu na lura fentin saman ƙarfen ya goge a wuri ɗaya, faɗin tafin hannu, har yana sheƙi. Na gani, wallahi na gani! Baba Dauda yana bakin ƙofa ya ce, "Malam Isiyaku, dole ne sai an cire?"

Na ce, "Baba, ai gawa ce. Shekara nawa ba amfani?"

Ya ce, "To." Na sa guduma na tumɓuke shi, na kafa sabon, mai lantarkinmu ya ja masa waya. Baba ya sa hannu, na yi gaba ina jin na yi aiki.

Bayan kwana uku foman ya ce in koma Samaru, wai famfo na yoyo. Raina ya ɓaci, don aikina ba ya yoyo. Na je na dudduba, ko ɗigo babu. Sai Mama Saratu, matarsa, ta biyo ni ta rage murya.

"Ɗana, ba yoyo. Ni na shirga ƙaryar, Allah ya gafarta mini. Kwana biyu Babanku bai yi wanka ba."

Ashe a kan kujera yake wanka, in ya gama sai ya dafa ƙarfen nan ya miƙe. Shekara shida kenan, ba wanda ya sani sai ita. Washegarin aikina ya kai hannu inda ya saba, ya kama sabon, ya ƙone tafinsa, ya zube ƙasa. Da ƙyar ta ɗaga shi. Yanzu ya ce ba wanda zai yi masa wanka yana da ransa, kuma ba zai tsaya gaban jama'a da dauɗa ba, ga shi shi zai yi karatu a coci ranar Kirsimeti. Ita kuwa Rifkatu, ganin ya ƙi amfani da sabon, ta ɗauka ya raina tsarabarta ne, har kuka ta yi.

Na ce, "Mama, a gaya mata mana, ai nas ce."

"Haba ɗana! Ya buɗe baki ya gaya wa 'yar fari ba ya iya tashi a bayi? Ni ma ya hana ni."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Tsohon ƙarfen kuwa tuni 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun yi gaba da shi. Na koma wajen foman, ya ce, "Wannan ba ya cikin takarda." Na ce, "Oga, ɓarnar da na yi ma ba ta cikin takarda." Ya dube ni ya ce in je in gyara.

Na bi ta PZ wajen masu sayar da kayan gini na samo bututu mai kauri, mai walda ya lanƙwasa mini shi. Tabon tsohon ƙarfen yana nan a bango, da shi na auna tsayi. Na huda bango na dasa shi da siminti, daidai inda hannun Baba ya saba sauka. Ina shafe siminti sai ga Rifkatu.

"Wannan fa na mene ne?"

"Dokar aiki ce, Anti. Duk inda aka sa mai zafi, sai an kafa wannan kusa da shi."

Ta dubi bututun, ta dubi kujerar wankan, ta auna tsakaninsu da ido. Can ta ce, "Kullum sai na sa an kafa wa iyayen wasu irin wannan a can." Ta share ido da bakin gyale. "Malam Isiyaku, dokar taku ba ta ce a kafa wani kusa da masai ba?"

Na ce, "Ta ce, Anti."

Bayan kwana biyu siminti ya kama, na dawo karɓar sa hannu. Na tarar da Baba a falo, ya yi wanka yana ƙanshin sabulu, ya sa tabarau yana bitar karatunsa. Ya sa hannu da tafinsa mai bandeji, ya ce, "Ka gaya wa yarinyar nan tawul ɗin da ɗumi." Tana tsaye a bayan kujerarsa fa.

To, kun ji. Takarda tana faɗin abin da za a cire, ba ta faɗin wanda ke dogara da shi, mutanenmu kuma ba za su faɗa ba. In dattijo ya ce muku "dole ne?", ku ajiye guduma. Ni tun daga ranar, kafin in taɓa tsohon abu a gidan mutane, sai na duba inda fenti ya goge.