Shekarar da Na Maimaita Aji Shida

Jiya a wurin aiki aka miƙo mini akwatin tawadar nan mai ruwan shuni, aka ce in dangwala yatsa a kan wata takarda. Ina ɗagowa na ga babban yatsana ya rine, sai na ji raina ya ɓaci haka kawai, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Kakata na tuna, da wani kati ruwan ɗorawa, da shekara guda cur da aka ɗauke mini ina ji ina gani.

A wani lungu kusa da Ƙofar Mazugal na tashi, gidan ƙasa mai soro biyu da bishiyar dalbejiya a tsakar gida. Ni ce 'yar fari. In kai ba ɗan irin gidajenmu ba ne, bari in faɗa maka abin da hakan ke nufi. Kakanninmu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka zauna a birni. Shanu sun tafi, amma kunya tana nan daram. Mahaifina ba ya kiran sunana, ba ya zama inda ake zancena. Mahaifiyata kuwa daga "ke" sai "waccan". Ba ƙi ba ne, kowa a unguwa ya san ba ƙi ba ne, haka ake yi wa ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Inna, kuma daga ranar ita ce uwata ita ce ubana.

Inna ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ban taɓa ganin mai sa ido a karatun yaro kamarta ba. Kullum bayan la'asar, rani da damina, za ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsinke zogale, ni ina gabanta ina karanta duk abin da aka rubuta mana a ranar da ƙarfi. Ba ta jin Turancin, amma in na yi tuntuɓe tana ji, sai ta ce in koma baya. Ta san jan biron malamai sarai. Alamar da ke kama da ƙugiya ta yarda da ita, gicciye kuwa sai na faɗi dalilinsa. Malaman ajinmu har hanya suke sakewa in sun hango ta, don za ta tsayar da mutum a tsakiyar lungu ta tambaye shi me ya sa aka tashe mu da wuri ranar Talata.

Shekarar da soja suka koma bariki ina aji shida. Lokacin kowa da sabon shirinsa, kullum rediyo na shelar wani abu da za a gyara. Mu abin da ya faɗo mana shi ne shirin haɗa kan iyaye da makaranta. Aka raba mana kati ruwan ɗorawa, aka ce kullum uwa ko uba su sa hannu, shaidar sun duba aikin gida. Aka ce kuma za a turo masu dubawa gida-gida su ga yadda shirin ke tafiya.

Ko a mafarki ban yi tunanin kai wa babana katin ba. Na kai wa Inna. Ta juya shi gaba da baya, ta sa na ɗauko tawadar allona, ta tsoma babban yatsa ta dangwala a gidan Litinin. Haka muka yi ta yi har katin ya cika da baƙaƙen yatsu reras. Malamar ajinmu ta duba ta yi dariya, ta ce ba ta san ko za a karɓa ba, ta mayar mini.

Ranar wata Alhamis da damina masu dubawar suka zo, an yi ruwa da safe, indararo bai gama ɗiga ba. Mata biyu ne, takalmansu duk taɓo, ɗaya riƙe da fayil a ƙarƙashin mayafi. Inna ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma, ta sa aka dama fura. Murna take yi, a ganinta yau ga waɗanda za ta baje wa labarin karatuna.

Mai fayil ɗin ta ce mahaifiyar yarinya suke son gani. Aka kira mahaifiyata daga bakin murhu. Ta zo ta durƙusa can gefe, kanta a ƙasa, ga surukarta zaune, ga ni a tsaye jikin bango.

"Yaya sunan 'yarki, kuma aji nawa take?"

Mahaifiyata ta ƙara sunkuyar da kai. Inna ta faɗi sunana, ta faɗi ajina, ta ƙara da cewa ni ce ta biyu a jarrabawar da ta wuce. Matar ba ta rubuta ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri, takardar cewa ta yi uwa ko uba." Ta juya ga mahaifiyata. "Kina duba littattafanta?"

"A'a."

"In ta yi ƙoƙari kina yaba mata?"

Mahaifiyata ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki. "Ni? Ai yarinyar Inna ce."

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, matar nan ba baƙuwa ba ce. Hausarta ta cikin gari ce tsaf, a gaisuwa ma ta ce kakanninta 'yan Shahuci ne. Ta san abin da take gani. Na ga ta yi ɗan murmushi irin na wanda ya gane, sannan ta sunkuya ta ja layi a gidan "a'a", ta sake ja, ta sake ja. Takardar gida biyu gare ta, eh da a'a, babu inda za a rubuta kaka. Da Inna ta nuna katin, sai ta ce dangwale ba sa hannu ba ne, kuma ba na iyaye ba ne. Suka shanye furar tas, suka yi godiya, suka tafi.

Bayan mako uku hedimasta ya shigo ajinmu da takarda. A shekarar ba duk 'yan aji shida za a yi wa rajistar jarrabawar shiga sakandare ba. An ce waɗanda binciken ya nuna ba su da mai taimaka musu a gida a bar su su ƙara shekara, a ba su kulawa ta musamman, don kada su je su faɗi. Alheri ne wai ake yi mana. Ya karanta sunayen masu rubutawa, na kasa kunne har ya naɗe takardar. Yarinyar da ke kwafar lissafina tana ciki, don babanta akawu ne, sa hannunsa har da wata lanƙwasa a ƙarshe. Ni ba na ciki.

Washegari Inna ta yafa babban mayafinta ta tasa ni a gaba. Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ta ɗaga babban yatsanta a gaban hedimasta ta ce, "Malam, da wannan yatsan na zaɓi shugaban ƙasa, gwamnati ta karɓa. Makarantar firamare ce za ta ce bai yi mata ba?"

Hedimasta mutumin kirki ne, ya san gidanmu, ya san ni. Ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce ba shi ya tsara ba, daga ofis aka aiko, amma in uban yarinya ya zo ya sa hannu cewa yana kula da karatunta, zai san yadda zai yi.

A nan gidanmu ya yi nasa kuskuren, kuma ba zan ɓoye shi ba. Maimakon babana ya tafi, sai aka tura ƙaninsa, kamar yadda ake yi a kowace hidima ta ɗan fari. A wurinmu shi ne uba, shi zai karɓi maganar aurena wata rana. Baffa ya sa babbar riga ya je, aka dawo da shi, takarda ta ce mahaifi. Aka kwana biyu ana jan magana a soro. Babana yana cewa da wane ido zai dubi mutane, a ce ya tafi makaranta takanas a kan 'yarsa ta fari. Sai da Inna ta ce in bai je ba kada ya ƙara gaishe ta, sannan ya miƙe.

Ranar Litinin ya je, ina biye da shi nesa-nesa. A ofis hedimasta ya tambaye shi sunan yarinyar don ya cike takarda. Babana ya yi gyaran murya, ya dubi rufi, sannan ya karɓi biro ya rubuta sunan da kansa, ya tura masa. Gumi yake yi alhali ana sanyin ruwa. Hedimasta ya duba, ya sauke numfashi, ya ce tun ranar Juma'a aka kai sunaye, an rufe.

Haka na sake zama aji shida, a benci ɗaya da yaran da nake yi wa gyaran karatu bara. Ƙawayena suka ɗinka sabon yunifom suna wucewa ta bakin lungunmu da safe. Kulawa ta musamman da aka ce za a ba mu, ban ga ko ƙurarta ba. Kati kuwa ya ci gaba, sai dai unguwa ta koyi darasi. Wani tela a bakin titi mai kyan rubutu shi ya zama uban kowa, da safe yara su yi layi, ya sa wa kowane hannu daban ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba. Da masu dubawar suka dawo suka tarar da katuna cike fal. Aka tara mu a fili, aka ce shiri ya yi nasara, iyaye sun farka, aka sa muka tafa. Inna ta ci gaba da sauraron karatuna bayan la'asar har Allah ya karɓi abinsa, ba wanda ya taɓa zuwa ya rubuta wannan.

Yanzu zamani ya juya. Iyayen yau suna kiran ɗan fari da sunansa gatsal, su saɓa shi a kafaɗa, su sa hotonsa a waya. Ni ma haka nake yi da tawa 'yar, kuma ban ce laifi ba ne. Sai dai duk lokacin da na ji an ce an auna gidaje an gano masu kula da marasa kula, nakan so in san wa aka tambaya, kuma a gaban wa.

Na daɗe ina jin haushin mahaifiyata a kan ranar da masu dubawar suka zo gidanmu, ban taɓa faɗa mata ba. Kwanakin baya na kai mata 'yata, tana yi mata kitso a tsakar gida ina ɗaki ina ninke kaya. Da jika ba ta da kunya, hira suke yi ta yi. Sai na ji ta sassauta murya.

"Uwar nan taki ƙwaƙwalwa gare ta. Ni na ja mata asarar shekara. Duk abin da matar nan ta tambaya na sani, har makin da ta ci a lissafi. Ina bakin murhu nake jin karatunta kullum. Bakina ne ya ƙi buɗuwa."

'Yata ta ce, "To ki faɗa mata mana, ga ta can a ɗaki."

"Rufa mini asiri. Juyo da kanki."

Na tsaya da zani a hannu. Taku biyar ne tsakanina da ita, na so in fita in ce mata ya wuce. Nawa bakin ma ya ƙi. Na jira har suka gama kitson, sannan na fito na tambaye ta ko in ɗora mata ruwan alwala.