Tsagar da ke Jikin Tsamiya

Bayan farin da ya ƙone mana amfanin gona, aka tura mu malaman gona ƙauyuka mu ji ta bakin mutane kafin a yi musu madatsar ruwa. Ni aka ba ni wani ƙauye a bayan Maska, da babur da takardar tambayoyi. Shekarata ashirin da 'yan kai, kaina na hayaƙi, ina ganin abin da ba a rubuta ba duk tatsuniya ce.

Na tara dattawa a ƙofar gidan mai gari, shi yana zaune a kan buzunsa. Na karanto tambaya: ko rafin nan ya taɓa cika har ya kai gidajen gangare? Aka yi tsit. Can wani tsoho ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam." Sauran suka ce amin. Ni kuwa na rubuta "a'a", na sa hannu. Da takardar nan aka tare rafin da jibgin ƙasa, daidai saman gidajen gangaren.

Damina ta biyu, cikin Agusta, aka kwana uku ana ruwa. Na zo duba masara da safe, wata tsohuwa mai daddawa ta tare ni a hanya, ta riƙe kan babur.

"Ɗan nan, sauko ka gani."

Ta kai ni gindin wata tsamiya a tsakiyar gidajen gangaren, ta nuna mini tsagar gatari da ta tsufa har ta yi baƙi. Na miƙa hannu, ban kai ta ba.

"Nan ruwa ya tsaya shekarar da ya ci 'ya'yan mai gari biyu. Tun ranar ba mai ambatonsa a gabansa. Kai kuma ka je ka tambaya a kan idonsa."

"Inna, me ya hana ku faɗa mini daga baya?"

"Ka tsaya ne? Kana rufe takarda ka haye babur."

Na ruga kan madatsar. Saura kamu ɗaya ruwa ya haura, bayanta kuma sai tsattsafo jan ruwa yake yi. A ƙasa ina hango mata suna daka, awaki a ɗaure. Tsoro na ji wanda ban taɓa jin irinsa ba, don sa hannuna ne a takardar.

Ba wanda zai bar gidansa sai mai gari ya ce a tashi. Dole ni in faɗi abin da garin ya shekara da shekaru yana haɗiyewa. Na durƙusa a gabansa a zaure.

"Ranka ya daɗe, ruwan da ya ɗauki 'ya'yanka zai dawo yau."

Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya yi salati. Na jira a kore ni. Sai mai gari ya ce a kira mai shela.

Kafin azahar an kwashe gangare har kaji. Bayan la'asar madatsar ta ɓalle. Muna tsaye a tudu muna kallon rumbuna suna tafiya, ruwan ya hau tsamiyar har ya rufe tsagar.

Mai gari yana gefena, bai dube ni ba ya ce, "Malam, ranar da ka yi tambayar nan jira nake wani ya fara, in samu bakin magana. Suka ji tausayina suka yi shiru. Tsagar nan ni na sare ta da gatarina, don kada a manta."