Damisa Takwas ɗin da Daulatmo Ta Mayar Huɗu

Daulatmo matar yayana ce, marigayi Kurbonsho. Shekara arba'in ke nan tana saƙa safar ulu a ƙauyenmu na tsaunin Pamir, kuma in ta ga safa a ƙafar baƙo sau ɗaya, ta haddace zanenta ke nan. Karatu dai babu, amma idonta ko tabarau bai sani ba. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ta gidanmu ta raina ni, har yau da furfurata.

Yayana ne ya shawo kan mutanen gari aka hana kiwo a kwarin sama na shekara biyar. Ya ce in ciyawa ta dawo, awakin dutse za su dawo, damisar ƙanƙara ta samu abincinta ta ƙyale garkunanmu. A lokacin damisa huɗu suka rage a kwarin. Aka yi alkawari: in sun ƙaru, kwari ya ci gaba da zama nasu; in ba su ƙaru ba, a buɗe wa dabbobi. Bai ga cikar wa'adin ba, Allah ya yi masa rasuwa bara.

Ni aka damƙa wa kyamarorin da ake ɗaurewa a duwatsu don ɗaukar hoton damisa. Na tara hotuna, na ƙirga, na samu takwas! Ranar taro na shimfiɗa su a tabarma ina ta hura hanci. Daulatmo ta shigo da shayin gishiri da gurasa, ta ɗan leƙo.

“Shirinbek, wa ya ƙirga maka waɗannan?”

Na ce, “Ni da kaina, Yaya.”

“Ai na gani. Huɗu ne.”

Ta haɗa hotunan bibbiyu. Ashe in damisa ta haura, kyamara ta ɗauki gefen dama, in ta gangaro ta ɗauki na hagu, kuma roɗi-roɗin gefen biyu ba iri ɗaya ba ne. Ita goshi da jela ta duba. Ta ce, “Don safa tana da ƙafa biyu, sai ka ce mutum biyu ne suka sa ta?”

Wallahi na ji haushi. Na raɗa mata, “Haba Yaya, aikin mijinki ne fa. Da kin yi shiru wa zai sani?”

Ta ce, “Shi bai taɓa cin kwarin nan da ƙarya ba, ba kuwa zan ci masa ba.”

Mamadsho, wanda ya fi kowa awaki a garin, har ya miƙe yana murmushi. “To, magana ta ƙare. Jibi sai kiwo.”

Daulatmo ba ta ɗago ba. Ta tura masa hoto ɗaya da tsinin kwarashinta. “Kafin ka tafi, kai da ka tsufa a gindin akuya, duba min cikin wannan.”

Ya kai hoton bakin taga, ya daɗe yana kallo. Gashin cikin damisar ya kwanta, ya cukurkuɗe a wuri biyu, irin na uwar da ake tsotso.

Ya ce, “Kai! Shayarwa take yi.” Ya ƙara matso da shi kusa da ido. “Kuma ba ɗa ɗaya ba ne, biyu ne.”

Mamadsho ya sosa ƙeya, ya koma ya zauna, ya miƙa mata kofinsa. “Ƙaro min shayi, matar Kurbonsho. Awakina sa haƙura da ciyawar ƙasa.”

Daɗi ya kama ni har na manta da kunyar da na sha. Da aka watse, na same ta a bakin ƙofa ta koma kan saƙarta, rana na dukan ƙafafunta.

Ta ce, “In za ka hau gobe, ka tsaya a kabarin yayanka ka gaya masa.”

Na ce, “To, Yaya.”

“Shida za ka ce. Kada ka je ka ce masa takwas.”