Askin da Na Yi wa Waken Inna

Shekarun baya can, ina aji biyu a jami'a, na kusa kashe wani abu da ya girme ni, ya girmi mahaifiyata ma. Kuma da hannuna na yi, ina murmushi, ina jin duk unguwarmu ta Agege a Legas babu mai ilimina.

A gidan haya muka tashi, irin mai tsakar gida na siminti da ɗakuna a jere. Bayan ɗakinmu akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da tankin ruwa, inda rana take sauka sosai. A nan Mama take jera tsofaffin bokitan fenti, ta cika su da ƙasa, ta shuka wake duk shekara. Ba waken kasuwa ba ne. Ƙanana ne, ja-ja, masu ɗigon fari, ga saurin dahuwa ga garɗi. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ta ƙulla mata shi a tsumma ranar da za a kawo ta Legas. Inna ta rasu tun ina goye, 'yan uwa na ƙauye kuma duk sun koma irin zamani. Saboda haka iyakar saninmu, waken Inna bai rage a ko'ina ba sai a lungun nan namu.

Idan ya nuna, Mama takan dafa mana tukunya ɗaya, ta ɗiba wa mai gidanmu kwano guda, sauran ta zuba a kwalba da toka da busasshen barkono. Mai gidan namu Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata. Hausa a bakinta kamar a Kano aka yaye ta, kuma ita da Mama sun fi shekara ashirin suna musayar gishiri da gulma.

A shekarar da nake ba ku labari, murfin kwalbar ya tsage ba a sani ba. Danshi ya shiga, ƙwari suka bi baya. Abin da Mama ta iya tsincewa mai rai bai cika tafin hannu ba. Ta shuka shi duka a bokiti bakwai, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya a ajiye ba. Idan waɗannan suka lalace, shi ke nan, an rufe littafin waken Inna.

Allah ya taimaka suka fito, suka yi yaɗo, suka yi fure, har suka fara ɗaura 'ya'ya. Sai ga waya daga Zariya, yayata ta haihu. Dole Mama ta tafi ta zauna da ita har arba'in. Da safen da za ta tafi, ta ja ni lungu.

"Auta, ruwa kawai za ka ba su, safe da yamma. Ka ji ko? Ruwa kawai."

Na ce, "Haba Mama! Ilimin tsirrai fa nake karantawa. Ni za ki koya wa kula da wake?"

Ta ce, "Shi ya sa nake maimaitawa."

Gaskiya a lokacin kaina ya kumbura. Ina da farar rigar ɗakin gwaji da nake ratayawa a kafaɗa ko da burodi zan fita saye. Duk wanda ya tsaya kusa da ni minti biyu sai ya sha lacca. Iya ma ta daina ce min Auta, ta koma Oga Dakta, ni kuwa ban gane tsiya take yi min ba.

Mako na farko na bi umarni. A na biyu sai na ga ganyen ƙasa-ƙasa sun fara yin rawaya. Na ɗauko littafi, na buɗe shafin cututtukan wake, na ga hoton wani ganye mai rawaya-rawaya. Ban tsaya karanta shafi na gaba ba. Na ce to, ga ranar da karatuna zai yi amfani. Mama za ta dawo ta tarar ɗanta ya ceci gadon uwarta.

Na ɗauko almakashin ɗinkinta, na wanke da tafasasshen ruwa kamar mai shirin tiyata, na shiga yanka. Duk ganyen da na ga alamar rawaya ko da a gefensa ne, sai na datse. Na tara su a kasko na ƙone, don kada cutar ta yaɗu. Washegari wasu suka sake yin rawaya, na sake datsewa. Ban gaya wa Mama a waya ba, wai ina so in ba ta mamaki.

Rana ta biyu da fara wannan aiki, Iya ta zo ɗiban ruwa a tanki. Ta ajiye bokitinta, ta riƙe ƙugu.

"Oga Dakta, aski kake yi musu?"

"Cuta ce, Iya. Idan ban cire ba, za ta kama sauran."

"Ɗana, shekara nawa ina ganin mamanka da waken nan. Kullum idan ya ɗauki 'ya'ya haka yake yi, kuma ban taɓa ganin ta da almakashi a nan ba."

Na ce, Allah ya yafe min, "Iya, ai shi ya sa ba ya yin yawa. Yanzu ilimi ya shigo gidan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "O daa," wato to shi ke nan. Ta ɗauki ruwanta ta wuce.

Da gari ya waye na zo ba da ruwa, sai na ga bokiti shida. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na ƙarshen, wanda yake can jikin tanki, wanda ban kai ga yi masa aski sosai ba, ya ɓace. Na tayar da gidan da ihu. Na zargi masu sayen tsofaffin robobi, na zargi awakin maƙwabta, har na leƙa kwata. Iya tana zaune tana gyaran attaruhu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Legas ke nan, Oga Dakta. Ka yi haƙuri, ka kula da sauran."

Na kuwa kula da su. Kafin mako ya zagayo, shidan nan sun koma igiyoyi tsirara da 'ya'ya suna reto.

Ana cikin haka, wata Talata malamarmu ta shigo aji ta ce yau za a yi darasin yadda ganye yake tsufa. Ta zana ƙwayar halitta a allo, wato ɗan ƙaramin ɗakin da jikin tsiro yake ginuwa da irinsa, wanda ido ba ya gani. Ta ce a cikin kowane ɗaki akwai kayan aiki, musamman koren injinan da suke haɗa abinci da hasken rana. Idan wani kaya ya tsufa, ko tsiron ya shiga yunwa, ko yana bukatar ciyar da 'ya'yansa, ɗakin ba ya zubar da komai. Sai ya naɗe kayan a wata 'yar jaka, ya kai shi babban rumbun da ke tsakiyarsa. A can ake narkar da shi, a mayar da shi ƙananan sinadarai, a sake amfani da su. Ta ce sunan abin otofaji, ma'ana cin kai.

Ina ta rubutu ina gyaɗa kai, sai ta ƙara da abin da ya tsayar min da biro. Ta ce idan wake ya fara cika 'ya'ya, tsofaffin ganye sukan rushe kayan cikinsu da gangan, su tura ta jijiyoyi zuwa ƙwayoyin. Koren yana tafiya, shi ya sa ake ganin rawaya. Kaso mai yawa na abin gina jiki da muke ci a wake, daga ganyen nan ya taso.

Na ɗaga hannu. "Malama, to idan mutum ya cire ganyen tun bai gama ba fa?"

Ta ce, "Wane ne zai yi wannan ɗanyen aiki lokacin da tsiro yake cika 'ya'ya?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma gumi ne yake bin bayana.

Ban tsaya darasi na gaba ba. Na faɗa motar haya, danfo, muka maƙale a cunkoso wajen Ogba, ina ji kamar in sauka in ruga da ƙafa. Da na isa lungu na kama kwanson wake ɗaya na matsa. Fayau, kamar babu komai a ciki. Na ɓare, sai ga ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi a yamushe. Na ɓare na biyu, na uku, duk haka. Na sayo taki na zuba, na ƙara ruwa, har addu'a na tofa musu. Amma abincin da za su ci, ni na ƙone shi a kasko.

Ranar da Mama ta dawo, ni na tarbo ta a tasha. Na ɗauki duk kayanta, ina ta jero mata sannu har ta fara kallona a kaikaice. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi lungu. Ta tsaya. Sannan ta tsinki kwanso ɗaya ta murje a tafin hannunta.

"Auta, me ya ci ganyen?"

"Ni ne, Mama. Na zaci cuta ce."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, tana juya ƙwayoyin da yatsa.

"Inna takan ce idan ganye ya fara rawaya kada a dame shi. Kayansa yake kwashewa yana miƙa wa 'ya'yan. Idan ya gama, da kansa zai sauka."

Na ce, "Wallahi Mama, haka malamarmu ta faɗa, sak."

Ta ce, "To, malamar taku ta makara."

Sai na ga hawaye ya gangaro mata. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Na durƙusa a gabanta.

Ana haka sai muka ji ƙarar jan abu a kan siminti, ƙiiii, da nishi. Iya ce, ta sunkuya tana jan bokitin fenti daga bayan kicin ɗinta.

"Ku ba ni hanya, ɓarawo ya kawo kansa!"

Bokiti na bakwai ne. Muninsa ba a magana: ganyen duk sun bushe, sun yi ruwan ƙasa, wasu sun zube a gindi. Amma kwansunan, jama'a! Cike, dogaye, idan ka taɓa sai ka ji suna kaɗawa. Mama ta ɓare ɗaya, jajayen ƙwayoyi masu ɗigon fari suka zubo mata a cinya. Ta yi salati, ta miƙe ta rungume Iya, suna kuka suna dariya.

Na ce, "Iya! Ke ce? Kika bar ni ina leƙen kwata?"

Ta ce, "Na yi maka magana da Hausa ba ka ji ba, Oga Dakta. Da wane yare kuma zan yi? Sai na yi da hannu."

A shekarar ba mu ci waken Inna ba. Abin da aka samu Mama ta raba uku. Kashi ɗaya a sabuwar kwalba, ɗaya ta ba Iya ta ajiye, na ukun ta ƙulla a tsumma ta miƙo min. Na ja da baya, na ce ni da na kusa hallaka shi? Ta ce, "Kai ne yanzu ka san zafin rasa shi. Karɓi."

Yau ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, kuma bokitai huɗu ne a barandata. Duk shekara idan muka zo darasin nan, nakan shiga aji da ganye mai rawaya, in ɗaga shi sama, in ce wa yara wannan ba gawa ba ce, ma'aikaci ne a tsakiyar aikinsa. Sannan in ba su labarin wani dakta da almakashi. Suna dariya, ni ma ina yi, amma har yanzu idan na tuna hannun Mama yana juya ƙwayoyin nan, sai dariyar ta tsaya.

Mama ta tsufa yanzu. Kwanan nan ta shiga rabon kayanta: keken ɗinki ga yayata, tukwane ga matata, zannuwa ga jikoki. Yayata ta kira ni a waya tana faɗa, wai in hana ta, abin ba ya mata daɗin gani. Ni ma ba ya min daɗi, Allah ya sani. Amma na ce mata a bar ta, ba za a sake samuna da wannan laifin ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, sai ta ɗauko kwalbar kanta, da tokarta da barkononta, ta ɗora min a hannu. Na sa hannu biyu na karɓa. Sai na nemi abin wasa.

"Mama, almakashin fa? Ba ni za ki ba ba?"

Ta harare ni, irin hararar nan da na sani tun ina yaro.

"Kai? Iya na bai wa. Ita ta san ranar da ba a taɓa shi."