Matakala ta Goma Sha Ɗaya

Matakala ashirin da biyu ne daga bakin titi zuwa ofishin masu fim ɗin zane, kuma babu wanda ya san wannan lissafi sai Goggo mai shara. Sauran ma'aikata da gudu suke hawa, bibbiyu, waya a kunne. Ita kuwa ɗaya bayan ɗaya take takawa, in ta kai ta goma sha ɗaya sai ta tsaya, ta zaro tsumma daga jaka ta shiga goge ƙarfen dafawa. Duk ginin nan babu inda ya kai wannan ɗan wuri sheƙi. Ba datti take gogewa ba. Gwiwarta ta hagu take jira ta lafa.

Shekara uku ke nan gwiwar tana damunta, shekara uku tana ɓoyewa. Shi ya sa take riga kowa zuwa. Tana idar da sallar asuba take fitowa, don kada wani ya ga yadda take hawa.

Mijinta mai gyaran agogo ne, ya rasu shekara tara da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata ɗaki ɗaya, da 'ya ɗaya da ke aure can wani gari, da agogunan mutane guda biyar da masu su ba su dawo karɓa ba. Har yau kullum sai ta murɗa su don kada su tsaya, domin ya sha gaya mata cewa agogon da aka ajiye shi ke fara mutuwa, ba wanda ake mora ba. Bayan rasuwarsa ta yi shara a wani kamfanin buga takardu, tare da wata dattijuwa da ta girme ta. Ranar da aka lura dattijuwar ta fara jan ƙafa, aka kira ta ofis, aka ba ta turmin atamfa da kalma mai daɗi: "Ki je ki huta, Baba." Goggo ta ziyarce ta bayan wata shida, ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana kallon bango, ta rame, ko hira ba ta iya ja. Tun daga ranar babu maganar da Goggo ke tsoro kamar "ki je ki huta".

Da ta samu aiki a wurin masu fim ɗin zane, farko ta ɗauka gidan marasa lafiya aka kawo ta. Manya-manyan mutane, wasu da gemu, kowa da madubi a gefen kwamfuta, yana yamutsa fuska, yana gwalo, yana kukan ƙarya, sannan ya juya ya zana abin da ya gani. Wani ya miƙe tsakar ofis ya yi tsalle sau goma ana ɗaukarsa a waya. Sannu a hankali ta gane kan aikin. Wai hoto ashirin da huɗu ake jerawa kafin a samu motsin daƙiƙa ɗaya. Mutum zai wuni cur, abin da ya samu bai wuce ɗaga hannu da saukewa ba. Wannan ya sa ta fara ganin girmansu, don ta zauna da mai gyaran agogo, mai haƙurin ƙananan abubuwa, ta san irinsu.

Mutum uku ta fi sabawa da su. Akwai Darakta, mace ce mai ƙarancin magana, ita ke da wurin. Akwai wata da ake kira Mai Ƙashi, don aikinta shi ne sa wa zane gaɓoɓi a cikin kwamfuta yadda zai iya lanƙwasa. Sai Dogo, mai sa zanen motsi, wanda ba ya shan shayi sai ya huce, kuma kullum sai sun yi faɗa da Goggo a kan haka.

"Dogo, shayin nan tun yana tururi har ya zama ruwan alwala."

"Goggo, ni da shi fahimtar juna muke yi."

"Allah Ya ba matarka haƙuri."

A bana fim ɗin da suke yi na wata tsohuwa ce mai gyaran laima da jikarta. Akwai wuri guda da ya gagare su. Jikar ta ƙwanƙwasa ƙofa bayan doguwar tafiya, tsohuwar za ta tashi daga kujera ta je ta buɗe. Tashi ne kawai da taku shida. Mako uku Dogo yana kansa. Ya ɗaure ƙugu da gyale, ya ari sandar mofa da Goggo ke goge ƙasa da ita, ya duƙa kamar mai neman allura, yana karkarwa ana ɗaukarsa a waya. Goggo na goge taga tana dariya a ciki. Su yara a tunaninsu tsufa shi ne doro da rawar jiki.

Kowace safiya ana taruwa gaban babban allo a duba aikin jiya. Kowace safiya Darakta ta kalla ta girgiza kai.

"Wannan ba tsohuwa ba ce, Dogo. Saurayi ne ya ari furfura."

"To ai na sa ta duƙa."

"Ka sa ta duƙa, ba ka sa ta tsufa ba. Saura kwana goma mu miƙa wa gidan talabijin."

Ranar wata Talata Goggo ta shigo da faranti cike da kofunan shayi, daidai an kashe fitila an kunna allo. Ta tsaya a bayansu tana jiran a gama.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a cikin fim. Tsohuwar ba ta zabura ba. Ta fara waigawa dama da hagu, kamar mai duba ko wani na kallonta. Ta ɗora tafin hannu a gwiwar hagu, ɗayan a bakin tebur, ta miƙe a hankali. Ta yi taku uku ta tsaya. Sai ta kai hannu ta share ƙura a kan wata laima da babu ƙura a jikinta, ta ɗan saki numfashi, ta gyara fuska, sannan ta ƙarasa ta buɗe ƙofa tana murmushi kamar babu abin da ke damunta.

Goggo ta kafa wa allon ido.

Ba fuskarta ba ce, ba kayanta ba ne. Amma ita ce. Waigen nan nata ne, share ƙurar nan tata ce. Abin da ta shekara uku tana binnewa, ga shi an baza a allo mai faɗin bango, a gaban wadda ke da ikon cewa ta je ta huta.

Darakta ta ce, "Sake kunnawa." Aka sake. Ta juya ta dubi Dogo. "Wannan ita ce tsohuwarmu. A ina ka samo ta?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Goggo ta ajiye faranti ta fita, ba ta ko raba shayin ba.

Bayan azahar ta same shi shi kaɗai a ɗan ɗakin dafa shayi.

"Ɗan nan, me na yi maka?"

"Goggo..."

"Shayinka nake hana ƙuda faɗawa. Da ka yi zazzaɓi ni na aika maka da magani. Sai ka rasa wanda za ka tona wa asiri sai ni?"

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ranar Alhamis ya yi sammako don aikin ya hana shi sukuni, yana saman bene ta taga ya hango ta tana hawa. Bai ɗauke ta a waya ba, wallahi. Idonsa ne ya ɗauka, da ya zauna kuma hannunsa ya ƙi zana komai sai wannan.

"Ban san ɓoyewa kike ba," ya ce. Sai kuma ya girgiza kai. "A'a, na sani. Ɓoyewar ce ma ta sa ya yi kyau. Na yi laifi. Ki ce in goge, yanzu zan goge."

"In ka goge fa?"

"Sai in koma wa sandar mofa."

Ta kusa yin dariya, ta danne. Ta dube shi, idanunsa sun yi ja saboda kallon allo. Mako ukun mutum ba wasa ba ne. Kuma ko ya goge, ido ya riga ya gani. Ta ce masa ya bari tukuna.

Ta koma gida da yamma, ta yi la'asar, ta zauna kan sallaya ta daɗe. Agoguna biyar na ta bugawa a bango. Ta ga cewa ba fushi da Dogo ne ya fi cika mata ciki ba, gajiya ce. Ta gaji da sammakon ɓoyo, ta gaji da haɗiye nishi, ta gaji da ƙin zuwa asibiti don kada ta nemi hutun yini guda a tambaye ta dalili. In sallamar ce, gara ta ji ta da kunnenta bayan ta faɗi gaskiya da bakinta. Arziki na Allah ne, ba a matakala yake ba.

Washegari ta ƙwanƙwasa ofishin Darakta. Mai Ƙashi na ciki, suna duba wasu takardu.

"Ranki ya daɗe, magana gare ni. Tsohuwar jiya ni ce. Gwiwata ta hagu ta lalace, shekara uku ke nan. Aikina dai ban taɓa barinsa ba. Amma in kin ga..."

Darakta ta ajiye biro. "Zauna, Goggo."

"Na fi son tsayuwa."

"Na sani. Don tashin ne ke da wuya. Zauna, babu mai kallo."

Goggo ta zauna a bakin kujera.

Mai Ƙashi ta ce, "Goggo, ni fa sana'ata gwiwa ce. Wuni nake ina lanƙwasa gwiwoyin zane. Tun watan farko na gani."

"Ƙarfen dafawar nan," in ji Darakta, "da kika zo akwai shi?"

Goggo ta yi tunani. Babu. Bara waccan aka sa.

"Bokitin mai taya fa? Da tukunyar shayi da aka sauko da ita daga saman kanta?"

"Na ɗauka gyaran ofis ne."

"Gyaran ofis ne mana. Mun ga kina son sirrinki, muka bar miki abinki. Ashe kuskure muka yi, muka bar ki da tsoro ke kaɗai. Wa ya ce miki za a sallame ki?"

"An yi wa wata a gabana."

"Ba a nan ba. Benen nan dai ya yi miki yawa da ɗaukar ruwa, wannan za mu raba shi. Sauran kuwa, wa zai riƙa gaya mini gaskiya in fim bai yi kyau ba? Ina ganin fuskarki a bayan ɗaki, ita nake fara dubawa kafin ta kowa." Ta ɗan ɓata rai. "Shi kuma Dogo ya san dokar gidan nan, ba a ɗaukar motsin mutum sai da izininsa. In kin ce a'a, a'a ce, ko da za mu makara."

Goggo ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, "A bar ta. Amma a kira shi, akwai gyara."

Aka kira Dogo, ya shigo kamar wanda za a yanke wa hukunci. Aka kunna wurin a kwamfutar Darakta.

"Tsaya nan," in ji Goggo. "Ka sa ta fara taku da ƙafar ciwon. Wa ke yin haka? Mai lafiyar ake turawa gaba, ta gwada ƙasa, sannan 'yar uwar ta biyo."

Dogo ya zaro takarda yana rubutawa.

"Na biyu, bakinta a rufe yake. Babu tsohuwar da ke tashi bakinta a rufe. Sai ta ambaci Allah, ko da ba a ji ba. Leɓe dai ya motsa."

"Hoto nawa zai ci?" Mai Ƙashi ta tambaye shi.

"Kamar goma sha biyu."

"Ku ba shi ashirin," in ji Goggo. "Ba sauri take ba."

Ta miƙe a gabansu ta nuna musu, hannu a gwiwa, ba waige, ba tsumma. Sau huɗu ta yi, Dogo na ɗauka a waya, wannan karon da izini. A na huɗun ta ce ya isa haka, gwiwa ba ta san fim ba.

Ranar Litinin ta je asibiti, da rana tsaka, da sanin kowa. Likita ya yi mata faɗan daɗewa, ya rubuta magani, ya koya mata motsa ƙafar safe da yamma. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya ragu, kuma yanzu tana iya cewa "wash" a duk inda ya kama ta.

An miƙa fim ɗin a kan lokaci. Da aka nuna shi, 'yarta ta bugo waya tana dariya, wai ɗanta ɗan shekara biyar ya nuna allo ya ce, "Ga tafiyar Kaka." A ƙarshen fim, cikin jerin masu aiki, an rubuta sunan Goggo ƙarƙashin na Dogo. Ta sa an tsayar mata da allon, ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ta karanta da kanta.

Yanzu ƙarfe takwas take zuwa, tare da kowa. Suna wuce ta da gudu suna gaishe ta, wani ya karɓi jakarta ya haura da ita. In ta kai matakala ta goma sha ɗaya har yanzu tana tsayawa, ta dafa ƙarfen ta huta son ranta. Jiya Dogo ya tarar da ita a wurin, ya shafa ƙarfen da yatsa ya duba.

"Goggo, wurin nan fa ya fara ƙura."

"Ga tsumma," ta ce, ta miƙa masa.