Buzun Malam Sada

Ma'aruf ɗan kawuna ne, taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kanshi ba shi da inda zai kai ƙara. Tun yana yaro a Bauranya bai iya zaɓe ba. In aka ajiye mashi fura da tuwo, sai fura ta yi tsami, kaji su cinye tuwon, shi yana nan yana nazari. Na taɓa ganin ya tsaya a mararraba har jakinshi ya gaji ya zaɓa masu hanya.

Amma akwai kai. Ni a aji huɗu na yi sallama da boko, shi kuwa ya bi ta Kankiya, ya bi ta Katsina, har jami'a a Zariya, yana karanta tarihi, wato gulmar matattu. Shekarar da motoci suka koma hannun dama yana ajin ƙarshe. Kuɗin mai sun fara shigowa, duk mai digiri ofis na jiranshi a Kaduna, da mota, da masinja. Sai wani malaminsu ya ce in yana so za a tura shi Ingila ya yi digiri na biyu.

Nan ya cije. Ya sa a yi mashi istihara har malaman Kusada suka fara ɓuya in sun hango shi. Direbobin tashar Kankiya ma sai da ya ji ra'ayinsu. Ya rame, wandon nan nashi mai share hanya ya koma kamar an rataya a kara.

Ana cikin haka mahaifinshi, Malam Sada, ya rasu. Ya bar makarantar allo a zaure, da buzun da ya gada daga kakanni. Ƙa'idar gidan ita ce, ranar sadakar bakwai a shimfiɗa buzun a bar shi. Ɗan da ya hau ya ɗauki makaranta, kuma daga buzun sai makara. Kowa ya san na Manu ne, ƙanen Ma'aruf, wanda ya haddace Alƙur'ani yana ta jira. Har farar riga ya ɗinka.

Da safen ranar Ma'aruf ya ja ni bayan rumbu ya ce, “Na gama shawara. Ingila za ni.” Fuskarshi har ta yi haske. Na ce ko a ƙofar jirgi sai ya wuni yana tunanin ƙafar da zai fara sawa.

Ya zo da wani takalmi mai tudun dunduniya, sabo, ya wuni tsaye a cikinshi yana karɓar gaisuwa, har ƙafafun suka yi ruwa. Shi kuwa tun yana ƙarami makarantun kwana suka riƙe shi, ƙa'idar buzu ta daɗe da fita daga kanshi. Ya tuɓe takalmin a ƙofar zaure, ya shiga yana ɗingishi. Tabarmi duk sun cika da dattawa, wuri guda ne babu kowa, ga laushi. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Duk zauren aka juyo ana dubanshi. Manu na bakin ƙofa cikin farar rigarshi. Baffa Ɗanmaliki, ƙanen mamacin, ya ɗaga hannu yana hawaye ya ce, “Mun ɗauka boko ta cinye ka, ɗana, ashe kana tare da mu. Fatiha.”

Sai a lokacin ya duba abin da ke ƙarƙashinshi. Na ga bakinshi ya buɗe. Ya tashi ne, ya kunyata tsofaffi a kan makokin ubanshi, ko ya bari tukuna? Ya shiga nazari. Kafin ya gama an shafa, an kai wa uwarshi albishir cikin gida.

Manu ya shiga motar Kano, yana can yana sayar da taya, ko da salla ba ya zuwa. Jarrabawar ƙarshen ma Ma'aruf bai koma ya yi ba. Yana nan bisa buzu, yara na gyara mashi karatu. Abokanshi kan tsaya da Fijo su roƙi addu'a su wuce.

Duk ranar kasuwa nakan leƙa in ce, “Malam, ya sanyin Ingila?” Sai ya ƙura mani ido. Har yau bai yanke ko zai yi fushi ba.