Gyadar da Na Ba Aladun Makaranta

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun da fari: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba sai an yi ta lalube ba. Kuma wauta ce ta mai furfura, wadda ta fi ta yaro tsada.

Ni mutumin ƙasar Maradi ne. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, malamin ya ce kaina ya cika, ni ma na yarda da shi, muka rabu lafiya. Abin da na iya shi ne turkar raguna. Ka ba ni rago ana ƙirga haƙarƙarinsa a farkon azumi, kafin babbar salla sai ka kauce masa a hanya. Dussa, harawa, ɗan kanwa a ruwa, ƙuli-ƙuli in an samu. Da rabo ya kawo ni Greensboro ta ƙasar Amurka a shekarun dubu biyu da 'yan kai, babu rago babu turke, sai tasi. Ina kwasar mutane daga tashar bas ta tsakiyar gari ina kai su inda suka nufa, kaset ɗin wa'azi yana juyawa.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, ita ta yi karatun da ban yi ba. Ta gama digiri na farko, ta shiga na biyu a fannin abincin dabbobi. Na ce to, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai wata rana ta zaunar da mu, ni da Hajiya uwarta, ta ce binciken da aka ba ta a kan alade ne.

Na ce, "A kan me?"

Ta ce, "Alade, Baba. Shi ake kiwo da yawa a jihar nan, kuma a nan farfesa yake da gurbi. Ba ci zan yi ba. Awo ne da rubutu. Abin da na koya zai amfani kaji da tumaki."

"Duk dabbobin da Annabi Nuhu ya ɗauka a jirgi, wannan ne ya rage a ba ki?"

Hajiya ta ce, "Malam, bar yarinya. Ta riga ta tambayi waɗanda suka fi ka karatu."

Wannan ba abin wahala ba ne, domin waɗanda suka fi ni karatu sun cika gari. Na yi kwana uku ina cin tuwo da fuska a murtuke, babu wanda ya lallashe ni, na gaji na sake. Sharaɗi ɗaya na kafa: duk wanda ya tambaya a masallaci, a ce masa dabbobi, a tsaya nan.

Gonar da ake aikin tana wajen McLeansville, inda bas ba ya zuwa, ita kuma ba ta da lasin. Saboda haka kullum bayan asuba ni ke kai ta. A hanya ta yi mini bayani. An raba aladun gida biyu. Kashi ɗaya suna cin abincin da aka saba, masara da waken soya. Kashi na biyu an rage musu masara, an cike da busasshen dankalin da manoma ke zubarwa, don a ga ko zai yi. Ana auna abin da aka zuba, a auna abin da suka rage, kowane mako a ɗora su a sikeli, a ƙarshe a duba nama da kitse. Ta ce ko ƙwaya ɗaya ba a son ta shiga bakinsu ba a rubuta ba. Na ji da kunne ɗaya. A raina na ce wannan ai kiwo ne da biro.

Ina ajiye mota a bayan rumfar abinci, gefen wayar shingen aladun, ita ta shiga ciki ta yi awonta. Makon farko gilashi a rufe, carbi a hannu, ido a sitiyari. Mako na biyu ido ya fara yawo. Mako na uku na gane cewa waɗanda ke kusa da ni su ne 'yan dankali, kuma 'yan'uwansu na can gefe sun fara barin su a baya. Gadon bayansu bai shimfiɗu ba. Cinyar ba ta cika ba.

To, wanda bai taɓa turka ba ba zai gane ciwon nan ba. Mai turka ba ya ganin dabba ta tsaya wuri ɗaya hankalinsa ya kwanta, ko da dabbar maƙiyinsa ce. Ina tsaye a jar wuta a titin Elm, abin na cikin kaina. Fasinja na magana, ni ina can gefen waya. Har a sahun salla sai in kama kaina ina tunanin abin da ya kamata a ƙara musu, in yi a'uzu billahi in dawo.

Na kasa haƙuri, na ce mata, "Uwata, waɗannan na gefen waya ba sa ƙoshi."

Ta juyo. "Baba, kallon su kake yi?"

"Ni? Ido ne ya faɗa."

Ta yi dariya ta ce, "Ko sun yi baya, shi ma sakamako ne. Shi muke son sani."

Ni dai ban yarda ba. Wane irin karatu ne zai sa ka ga dabba na ja baya, ka rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ka juya ka tafi?

Akwai 'yar gyada da nake ajiyewa a mota ina taunawa don barci. Wata safiya na sauke gilashi na watsa musu tafi ɗaya. Yadda suka yi mata rubdugu, sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Washegari tafi biyu. Kafin mako ya zagayo na sayo buhu na sa a but. Ɓararriya na saya, don kada ɓawo ya tona ni. Na ɗaure gwangwanin tumatir a bakin sanda, ina miƙawa ta saman waya, in gama in wanke hannu har gwiwa, alhali ban taɓa komai ba. Ka ga wawa mai dabara ya fi wawa zalla haɗari.

Kuma wallahi suka amsa. Baya ya shimfiɗu, wuya ya ɓace. Abin da ya dame ni a lokacin guda ɗaya ne, babu wanda zan yi wa alfahari. A gida, in ragonka ya cika, mutane har zuwa kallo suke yi. Nan kuwa na yi aikin da ban taɓa yin mai kyawunsa ba, a kan dabbar da ba zan iya faɗin sunanta a majalisa ba.

Da farko yarinyar ta yi murna, 'yan dankali sun kamo 'yan masara har sun wuce. Farfesan nata, wani dogon Bature mai ƙarancin magana, shi bai yi murna ba. Ya ce abincin da aka rubuta sun ci ba zai iya ba da wannan nauyi ba. Sai aka kai rabinsu mayanka don duban farko, aka tarar kitsen 'yan dankali ya yi laushi, ya ƙi daskarewa, kamar man shanu a rana. Ya kira ta ofis ya ce ɗayan biyu ne, ko ta cakuɗa buhuna, ko lambobin da ke kayenta ba daga sikeli suka fito ba. Ya ce bayan kwana goma zai zo gonar da kansa a yi awo a gabansa. In laifin nata ne, zai cire ta daga aikin, kuma gurbinta na karatu a jikin aikin yake.

Ta faɗi wannan a kan tabarma, muna cin abinci. Nan take na gane aikin gyadata ne.

Kwana goma na sani ban faɗa ba. Wannan shi ne wurin da ba na iya yi wa ba'a. Na daina zuba gyada, kamar hakan zai mayar da wadda aka ci. Kullum in ce yau a mota zan gaya mata, in dube ta ta rungume kaye tana sake lissafi, in ce gobe. A gida ta zauna gaban kwamfuta, abinci ya huce a gefenta, Hajiya ta ɗauke ta ɗumama ta dawo da shi ya sake hucewa. Ni kuwa na kasa zama. In fita in dawo in sake fita. Na ɗauki wata tsohuwa zuwa Summerfield na wuce gidanta sau biyu, har ta tambaye ni ko yau na fara tuƙi.

Ranar ta zo. Na yi niyyar tsayawa can nesa, sai na tarar akori-kurar mai gonar ta tare wurin, dole na gangara bayan rumfa. Farfesa da mai gonar suna tsaye gefen waya. Ban ma kashe inji ba, sai ragowar 'yan dankali suka bar kwamin abincinsu suka sheƙo a guje, suna ihu, suna hawa kan juna, hancinsu cikin waya, duk suna duban ƙofata. 'Yan masara ko kai ba su ɗaga ba.

Mai gonar ya tuɓe hula ya sosa kai ya faɗi wata magana da Turancinsa na hanci. Na ce, "Uwata, me ya ce?"

Ba ta dube shi ba, ni take duba. Ta ce, "Ya ce tun yana yaro yake kiwo, bai taɓa ganin alade yana son tasi ba."

Na fita na buɗe but.

Farfesa ya tura hannu cikin buhun, ya sinsina, sannan ya yi dariya har ya jingina da mota. Ya ce ai sanannen abu ne gyada na sa kitsen alade laushi. Ya tambayi nawa nake ba su, tun yaushe. Na ba shi amsa dalla-dalla, gwangwani nawa, ranar da na fara, ranar da na ƙara, 'yata na fassarawa da murya kamar ta mai karanta takardar kotu. Ya juya ya ba ta haƙuri a gabanmu, ya ce kayenta gaskiya ne. Amma aikin ya tashi a banza. Sai an kawo sababbin 'ya'yan aladu an fara daga farko, kuma ba za ta gama tare da 'yan ajinsu ba, sai bayan rabin shekara. Ya ƙara da cewa daga yau tasi ta tsaya a bakin titi.

Muka koma gida. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na samu Hajiya a kicin na ba ta labari, amma na gyara shi yadda zai ɗan yi mini kyau. Na ce, "Ki duba fa, sunan yarinya ya wanku. Kuma ni tausayi ne ya ja ni. Ke kin san ni tun a gida, dabba ba ta taɓa ramewa a gabana in zuba mata ido ba. Haka Allah ya yi ni."

Hajiya ta ajiye muciya ta goge hannu a zane. Ta ce, "Haka ne, Malam. Ramar alade ka hango ta cikin gilashi a rufe. 'Yarka ta yi kwana goma tana ramewa a kan tabarma ɗaya da kai, da maganin a bakinka, ba ka ba ta ba."